Ka zauna tukuna: yadda ake jiran haske kafin a ɗauki hoton fili a Damagaram

Wani ƙanena ya turo min hotuna 63 a WhatsApp da ya ɗauka kan duwatsun bayan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wai in zaɓar masa guda ɗaya da zai sa a Facebook. Na duba lokacin, duka 63 ɗin cikin minti tara ya ɗauke su, ƙarfe ɗaya na rana, sama fari fat kamar takarda, duwatsun kuma sun kwanta shame-shame ba inuwa ba siffa. Na ce masa babu ko ɗaya. Ya ji haushi ya ce ai wayarsa ce ba ta da kyau, in ya samu kuɗi zai canza. Wallahi ba wayar ba ce, wayarsa ta fi tawa. Abin da ya rasa zama ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake yi daki-daki, ko da waya kake ɗauka ko da babbar kamara duk ɗaya ne, don dutse ba ya zuwa ko'ina, gawo ba ya zuwa ko'ina, abu ɗaya ne ke yawo a wurin wato haske, kuma shi ba a kiransa sai dai a jira shi.

Mataki na farko, ka je ba don ɗauka ba

Ranar farko da ka zaɓi wuri, ka je da rana tsaka lokacin da hasken bai da amfani, ka tafi kamar mai neman gonar aro. Ka zagaya dutsen ta gabas, ka zagaya ta yamma, ka hau ka sauko, ka durƙusa ka ga yadda yake daga ƙasa. Mu nan Allah ya hore mana abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su je nema, manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu a cikin gari da kewayensa, ga ginin ƙasa na Birni, ga kukoki in ka nufi Mirya kusan kilomita 20 gabas, ga gawo a gonakin wajen Matamai da Magarya, ga tafkin Gidimuni da dabino da goruba a kan hanyar Gure. Amma kada ka ce duk za ka yi su. Wuri ɗaya za ka ɗauka, wanda za ka iya komawa sau goma ba tare da kuɗin mai ya karya ka ba. Ni wurina bai kai tafiyar minti 20 a babur daga gida ba.

A wannan zuwan abubuwa uku nake nema. Ina rana za ta fito, ina za ta faɗi, sannan ina zan tsaya. Kuma a lura, rana ba a wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba, mutane da yawa ba su taɓa kula ba. A watan Disamba tana fitowa ta karkata kudu da gabas, a watan Yuni ta karkata arewa, tsakanin wurare biyun nan akwai wajen digiri 48 a inda muke. Ma'ana in ka ga rana ta fito daidai tsakanin duwatsu biyu lokacin sanyi ya burge ka, ka dawo da damina ba za ka same ta nan ba, ta yi nisa. Da kamfas ɗin waya za ka iya gane gabas, ko babu rezo, wato sabis ɗin waya, yana aiki, ko kuma ka tambayi mai gonar da ke kusa, ya fi kowace manhaja sanin inda rana ke ɓullowa a gonarsa.

Batun mai gona, ka yi sallama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya gan ka tsaye awa guda a gefen gonarsa kana kallon itace ba ka cewa komai, dole ya yi tunanin ko mai auna fili ne kai. Ka je ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kuma duk inda ka ga sojoji ko jandarma, ko bariki, har da tsohon sansanin da Faransawa suka gina kan dutse bayan sun ci garin a 1899, ka mayar da waya aljihu, kada ka ce ai tarihi ne.

Na biyu, ka san agogon wurin

Ba sai ka haddace komai ba, lokutan salla sun ishe ka. Haske mai kyau na safe yana farawa bayan an fito daga asuba, ya ƙare kafin hantsi ya ɗaga. Na yamma kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan kiran magariba kaɗan. A Damagaram lokacin sanyi rana tana fitowa wajen 6:40 ta faɗi wajen 6 na yamma, a watan Yuni kuma ta fito wajen 6 saura kaɗan ta faɗi kusan 7 saura minti biyar. Abin da ya sa hasken nan ya fi shi ne rana tana ƙasa, tana bugun abu ta gefe, sai duk wani tsagi da ƙurji na jikin dutse ya fito da inuwarsa, kuma hasken ya ratso iska mai kauri shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan ɗorawa ne ke iso mu. Da tsakar rana kuwa daga bisa take zubowa. Sau biyu ma a shekara, wajen ƙarshen Afirilu da tsakiyar Agusta, tana tsayawa daidai kan ƙoƙon kanmu, ka kafa sanda ka rasa inuwarta.

Ga wata dabara ta hannu. Ka miƙe hannunka iyakar tsawonsa ka dunƙule, faɗin dunƙulen nan wajen digiri 10 ne, rana kuma tana tafiyar digiri 15 a awa, mu nan kusan a miƙe take gangarowa. Ke nan in tsakanin rana da ƙasa dunƙule ɗaya ne, saura maka minti 40. In biyu ne ka samu wuri ka zauna, da sauran lokaci. Kuma da ta faɗi duhu ba ya jira, minti 20 zuwa 25 ne an gama, ba kamar Turai ba inda almuru ke jan jiki. Don haka wanda ya iso a makare ya riga ya yi asara, ka iso awa guda kafin lokacin.

Na uku, kuma shi ne mai wuyar, minti 15 waya na aljihu

Ka iso, ka kafe babur, ka duba ƙarƙashin dutsen da za ka zauna saboda kunama da kububuwa, kada ka cusa hannu a rami, sannan ka zauna. Kada ka fito da kamara. Minti biyar na farko za ka ji kamar ana tsikarinka, hannunka zai riƙa zuwa aljihu da kansa, zuciya ta ce maka ai ga shi nan ka gani me kake jira. Ka bar ta ta yi ta faɗa. Abin da ka gani a minti na farko shi ne abin da kowa ya gani, shi ne hoton da ke wayar duk wanda ya taɓa tsayawa wurin.

Ni ga yadda nake cinye lokacin. Ina fara kallon nesa, inda sama ta haɗu da ƙasa, in bi layin daga hagu zuwa dama a hankali kamar mai neman jinjirin wata. Sai in dawo tsakiya, itatuwa, rumbuna, hanyar shanu. Sai gabana, abin da ke kusa da ƙafata, tsakuwa, busasshiyar ciyawa, sawun akuya. Daga nan sai in tambayi kaina mene ne ke motsi a nan, kuma ina ya nufa. Inuwar dutse tana tafiya, in ka sa ƴar tsakuwa a bakinta ka dawo bayan minti biyar za ka ga ta wuce ta, to daga nan ka san inda za ta kai nan da rabin awa. Girgije yana tafiya. Balbela na da hanyar da suke bi in za su koma kwana, kusan lokaci ɗaya kullum. Garken da ya fita da safe ta nan zai dawo, da ƙurarsa, kuma ƙura in rana ta bugo ta ta baya kamar hayaƙin zinariya take zama. Kunne ma yana aiki, sau da yawa kukan shanu ko ƙarar amalanke nake ji tun kafin in gan su, sai in shirya.

Kafin ka taɓa waya ka faɗa wa kanka da baki, cikin jimla ɗaya, hoton mene ne za ka ɗauka. Ba "wurin nan ya yi kyau" ba, wannan ba magana ba ce. Ka ce "gawon can shi kaɗai da inuwarsa ta miƙe zuwa rijiya", ko "dutsen da ya rabe kamar zai faɗo, da ɗan ƙaramin mutum a ƙasansa". In jimlar ta ƙi fitowa, ba ka gama kallo ba, ƙara zama.

Wata rana ina zaune haka wani dattijo da ke kiwon tumakinsa ya zo ya tsaya kaina ya ce, yaro lafiya, ko wani abu ya ɓace maka. Na ce lafiya lau Baba, rana nake jira ta sauko kan dutsen can. Ya dube ni ya dubi dutsen ya ce to ai ka zauna a baibai, tashi ka koma gindin aduwar can, daga nan ne yake yin ja. Na koma. Da gaskiyarsa, ɓangaren da nake kallo inuwa ce za ta rufe shi. Shekara nawa yana kallon dutsen nan ba kamara.

Na huɗu, ka kafa ka daina yawo

Yanzu fito da wayar ko kamarar. Ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ƙurar garin nan ba ta da kunya, rabin hotunan da mutane ke cewa sun yi dishi-dishi maiƙon yatsa ne da ƙura. In kana da abin ɗora kamara mai ƙafa uku ka kafa, in babu ka cika safa da gero ko yashi ka ɗaure bakin, ka ɗora kan dutse ka jingina wayar, yana riƙewa tsaf. Amfanin kafawa ba hana girgiza kaɗai ba ne, yana hana ka kai ma rawar kai. Da zarar ta zauna wuri ɗaya sai ka fara ganin abin da ke cikin hoton da gaske.

Kunna layukan nan da ke raba allo gida tara, ka daidaita ƙasa kada ta karkace. Sannan ka yanke shawara, sama ce ke da labari ko ƙasa. In hadari ya haɗo ba wa sama kashi biyu cikin uku, in sama wayam take ka rage ta. Sai ka bi gefuna huɗu da ido, ɗaya bayan ɗaya, nan ne ɓarna ke ɓuya: baƙar leda da ta maƙale a ƙaya, wayar lantarki, rabin jaki. Leda dai tashi ka cire ta, ka sa a aljihu ka tafi da ita. Sauran kuma taku ɗaya hagu ko dama, ko ka durƙusa, yakan kawar da su. Ka yi tafiya da ƙafa maimakon jan hoto da yatsa biyu, jan nan a yawancin wayoyi yanka hoton kawai yake yi ya ɓata shi.

A waya ka danna inda kake so ya fito sarai ka riƙe har ya kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan har sama ta dawo da launinta. Wurin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya, wanda ya ƙone ya yi fari ya tafi ke nan. Mai kamara ya bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, a 100, ƙofar haske f/8 ko f/11, saurin ƙiftawa kuma ya bar shi ya sauka yadda ya ga dama tunda a kafe take, amma in a hannu take kada ya yi ƙasa da 1/60 na daƙiƙa. Sa ƙidayar daƙiƙa 2 ko 3 don kada dannawar ta girgiza ta. In akwai RAW, wato ajiye hoto ɗanye yadda za a fi iya gyara shi daga baya, kunna. Iyakar saitin ke nan, ban ga dalilin da za a cika ku da lissafi ba, minti biyu ya isa a gama da shi.

Na biyar, jira, da ƙidaya

Na sa wa kaina doka, hoto 12 a fita ɗaya. Waɗanda suka yi zamanin fim sun sani, nadi ɗaya 24 ne ko 36, kuma sai ka biya kuɗin wanki kafin ka ga abin da ka yi, don haka babu mai dannawa a banza. Yanzu dannawa kyauta ce shi ya sa kallo ya yi tsada. In ka san 12 gare ka, kafin kowane ɗaya sai ka tambayi kanka yanzu ne ko da saura. Hoton fili mafi tsufa da ya rage a duniya ma, wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa wajen 1826 ko 1827, sai da farantin ya sha haske aƙalla awa takwas. Mu minti 40 ke gagarar mu.

Ka ɗauki ɗaya da ka gama kafawa, na shaida. Sannan ka ɗaga kai daga allo ka kalli wurin da idonka, yatsa na kusa. Haske ba a hankali yake canzawa daidai-daidai ba, zai yi kamar ya tsaya, sai cikin minti uku komai ya juye, dutsen da yake toka-toka ya koma kamar garwashi, sannan ya mutu. Waɗannan mintuna ukun ka zo nema. Kuma ka riƙa waiwayawa, sau da yawa kowa na kallon faɗuwar rana alhali abin kallon yana bayansa, inda hasken ke sauka.

Kuskuren da ya fi ci min rai a Gidimuni na yi shi. Rana ta faɗi, sama ta yi fari ba komai, na ce yau ba sa'a, na naɗe kaya na ɗaure a babur. Ina tayarwa sai ƙasan gizagizai ya kama da wuta, ja har cikin ruwan, dabinai sun yi baƙi ƙirin a gabansa. Kafin in kwance igiya in kafa ya wuce. Abin da ban sani ba lokacin, girgije mai nisa a sama yana samun rana bayan mu ta ɓace mana, don haka launin yakan zo minti 10 ko 15 bayan faɗuwarta. Tun ranar nake tafiya da buta da darduma, in kafa kamara, in yi magariba a wurin, in sallame in duba sama, ba na kwance komai sai na ga tauraro.

Kowane lokaci da abin da ake jira a cikinsa

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, hadari ake jira. Yawanci ta gabas yake tasowa, in ya taso da yamma rana na bayanka tana haska gero kore shar a gaban baƙin girgije, babu hasken da ya kai wannan a shekara. Amma da ka ji iska mai sanyi ta fara kaɗawa ko ka ga jar ƙura ta tokare sama, sauko daga kan dutse, kada ka fake gindin itace ɗaya tilo, tsawa ba ta san mai hoto ba. Washegarin ruwa da safe iska a wanke take, za ka hango abin da ba ka taɓa sanin ana gani daga nan ba, ga ruwa kwance a kwarmin duwatsu yana nuna sama.

Da kaka launi ne, zangarniya, dammunan gero a tsaye, kara ya yi ruwan zuma. Da hunturu kuma mutane na ajiye kamara wai hazo ya ɓata gari, ni kuwa lokacin na fi so. Ƙurar nan da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana shafe tarkacen nesa ta bar abu hawa-hawa, itacen kusa baƙi, na bayansa toka, na can baya kamar mafarki. Kada ka jira jan faɗuwar rana ranar da buji ya yi kauri, ba za ta zo ba, rana za ta zama farin faifai ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba, don haka ka matso da lokacinka gaba. Kuma kada ka canza gilashin kamara a fili, ka sa ta a leda in ba ɗauka kake ba. Lokacin ne kuma gawo ke da ganye, shi da yake zubar da nasa da damina ya yi kore da rani, ka samu kore ɗaya a tsakiyar fili fari. Bazara kam, Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, waya da kanta za ta ce ta yi zafi ta kashe kamara, asuba kawai nake fita in dawo kafin takwas, ina duban ko shamuwa ta iso.

Wata ma ana jiransa. Daren 13 da 14 ga watan Musulunci yana fitowa ta gabas daf da faɗuwar rana, ƙasa da sauran haske, sai ka samu wata da dutse duka sun fito. Kowace rana yana ƙara makara da wajen minti 50, in ka bari sai 16 zai fito cikin duhu, ka samu farin ɗigo a baƙin allo.

Na ƙarshe, kaye da bik, wato littafin rubutu da biro

Kafin ka tashi ka rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa hasken ya yi kyau, ina ka tsaya, me ya hana. Layi uku ya isa. Nawa ga irinsa: "ranar Talata, hazo kaɗan, 5:35 inuwa ta kai gindin gawo, shanu sun wuce 5:50 ta hagu, na tsaya kusa da yawa, gobe in ja baya taku goma." In ka isa gida kada ka zaɓa a daren, kuma kada ka watsa a fada ana shan shayi kowa na cewa wannan ya fi, ka bari sai bayan kwana biyu lokacin da daɗin fitar ya sake ka, sannan ka fitar da ɗaya cikin 12 ɗin, wani zubin babu ko ɗaya, ka buɗe kayen ka ga abin da ka ce za ka gyara, ka duba batir da man babur.

Ƙanen nawa na ce masa ya same ni ranar Juma'a bayan la'asar a gindin dutsen, ya taho da ruwa da safa ɗaya, geron ni zan kawo.